Ƙwaryar Inna Saude

Lahadi, 1 ga Oktoba, da hantsi

Yau ranar 'yancin kai. Tun safe rediyon maigidana Baban Husna ke zuba jawabi, shugabanci kaza, ci gaban ƙasa kaza, har na ce ya rage muryar kada kajina su ji su ce za su tsaya takara. Ya ce, "Ai ke ya kamata ki kasa kunne, ranki ya daɗe. Maganar 'yan uwanki shugabanni ake yi." Haka yake tsokanata tun da aka ɗora ni a kan ƙungiyarmu.

Littafin nan sabo ne, bari in ba shi labari kamar yadda ake ba baƙo. Mu arba'in da biyu ne a ƙungiyar Alheri Danƙo, matan da ke gumin shinkafa a nan Tudun Wada. Mu jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, mu turara ta a duro, mu shanya, mu kai inji. Inna Saude ce ta kafa ƙungiyar shekara goma sha bakwai da suka wuce, Gwaggo Baturiya ke bi mata, ni kuma magatakarda ce kawai, don ni na yi boko. A watan Yuni Inna ta yanke jiki ta faɗi a filin gumi, ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Abin da ta faɗa na ƙarshe kafin ta kai ƙasa shi ne, "Ramla, riƙe min ƙwaryar nan." Kafin la'asar labari ya zagaye unguwa cewa Inna da bakinta ta ba ni riƙon ƙwarya, in ja ragamar ƙungiya har ta warke. Ba wadda ta ja da maganar. Wa zai yi musu da wadda ke kwance a gadon asibiti?

Jiya Malam Isa, jami'in wata ƙungiyar noma da ke Kano, ya kawo min takarda. Akwai taron mata manoma na ƙasa a Abuja ranar talatin ga wata. Kujera ɗaya suka ba mu, ta shugaba, kuma za ta yi magana ta minti goma a gaban manya. Ya ce in aka dace ana iya samun injin cire tsakuwa. Na cike takardar a gabansa. Wurin da aka ce muƙami na rubuta Shugaba. Layin gajere ne, sauran kalmomin biyu ba su samu wuri ba.

Laraba, 4 ga Oktoba, bayan azahar

Ina son filin gumi da sassafe, lokacin da aka buɗe duron farko. Tururi yakan taso ya lulluɓe mu har ba ka ganin fuskar kowa, sai muryoyi da ƙamshin shinkafa. Yau na tsaya a cikinsa na manta kaina. Na ga buhuna farare jere a bayan tirela, kowanne da sunanmu a jiki, sun hau titin Jos sun miƙa. Na ga wata mata a Legas tana zuba shinkafarmu a tukunya ba tare da ta tsince ba, don ta yarda da mu. Na ga ƙasar nan duka ta daina rububin 'yar waje. Sai Khadija, ƙawata tun firamare, ta zungure ni ta ce, "Shugaba, wuta fa za ta cinye miki zane."

Ba alfahari ba, na yi aiki a wata huɗun nan. Ni na hana shanya a gefen titi. Ni na ce a riƙa wanke shanshera sau uku. Ni na sa maƙeri ya yi mana marfi mai ɓula-ɓula a gindin duro, don tururi ya dafa shinkafar ba ruwa ba. Da farko sun yi ta gunaguni, wai 'yar boko ta zo da sanabe. Yanzu dillalan Kano ƙofarmu suke fara tsayawa. Duk wannan gaskiya ne, kuma ina rubuta shi ne don in riƙa karantawa.

Gwaggo Baturiya takan yi duk abin da na ce. Ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Da ma ta ɗaga.

Alhamis, 5 ga Oktoba, da yamma

An ce bakin Inna ya fara motsi.

Asabar, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Na je na duba ta da kunun gyaɗa. Tana kishingiɗe a rumfar tsakar gida, ta rame, amma idanun nan nata masu auna mutum suna nan yadda suke. Na durƙusa na ce, "Sannu Inna, ya ƙarfin jikin?" Ta daɗe tana kokawa da harshenta, sannan ta ce, "Lah... miya." Lafiya take nufi. 'Yarta ta rangaɗa guɗa, ta ce likitan Kano ya faɗa musu in aka ci gaba da yi mata gashin jiki, nan da sati uku ko huɗu za ta iya haɗa zance.

Na ce alhamdulillahi. Na faɗa da ƙarfi, har sau uku. Ina hanyar gida sai na tsinci kaina ina lissafa kwanaki da yatsu, daga yau zuwa talatin ga wata. Kwana ashirin da uku. Na ji kunyar hannuna, na cusa shi cikin mayafi.

Matar nan ita ta koya min riƙe matankaɗi. Ita ta je ta roƙi babana ya bar ni in ƙarasa makaranta.

Lahadi, 8 ga Oktoba, da safe

Ƙwarya ce ta gaske. Da shinkafa a cikinta.

Lahadi, da azahar

To tunda na fara, bari in ƙarasa. Samfurin duron ranar ne a hannunta, tana dubawa ko ya dahu. Jiri ya ɗebe ta, ni ce kusa da ita, ba ta so shinkafar ta zube. Shi ke nan abin da ya faru. Na san haka tun a lokacin. Da Khadija ta fara cewa, "Kun ji ko, Ramla ta ba wa riƙo," bakina ya buɗe zan gyara mata, sai na ga mata arba'in sun juyo suna kallona da wani irin ido da ba a taɓa kallona da shi ba. Na rufe bakin. Na ce gobe zan faɗa. Goben ce har yau ba ta waye ba.

Talata, 10 ga Oktoba, da la'asar

Baban Husna ya je gyaran injin ban ruwa a Kafin Maiyaki, na bi shi a babur don in zaɓi atamfar tafiya. Hanyar ta yi kyau sai ka ce ba ita ba. Dawa ta fitar da kai, masara ta bushe a tsaye, shinkafar fadama ta fara ja. Can kudu duwatsun wajen Doguwa sun yi shuɗi-shuɗi. Na kwantar da kaina a bayansa ina bitar jawabina a zuci. Zan fara da cewa ƙasa ba ta ginuwa daga sama, daga bakin murhu ake ɗora ta. Na ji tafi a kunnena. Na ga an kira ni rediyo. Na ga hotona a jikin bango da alamar jam'iyya, kansila, daga nan majalisa. Har na fara tunanin irin gilashin da zan riƙa sawa.

Mai atamfa ya ce, "Hajiya, biki za a yi ne?" Baban Husna ya riga ni amsawa: "Abuja za ta, malam. Shugabar mata ce guda, ka kawo mai tsadar." Yadda ya faɗa yana ɗaga kai ya sa na kau da kai na shiga jujjuya atamfofi. Shi ma bai sani ba.

Na ɗauki mai ruwan ganye. Kyakkyawa ce ƙwarai.

Juma'a, 13 ga Oktoba, bayan azahar

Barci ya sace ni a kan tabarma. Na yi mafarki ina Abuja, a wani ɗaki mai faɗi wanda ƙasansa duk shanyar shinkafa ce, manya suna tafiya a kai a hankali ba takalmi. Aka kira sunana. Na hau mumbari, na buɗe baki, sai harshena ya yi nauyi, ba abin da ke fita sai "lah, lah." A layin gaba ga Inna nan zaune garau, ta sha ɗaurin ɗankwali, tana fassara wa mutane abin da nake nufi. Ban ji me take ce musu ba, amma kowa yana gyaɗa kai.

Na farka na tarar da kaji sun shiga cikin shanyata.

Lahadi, 15 ga Oktoba, da hantsi

Yanzu tana iya kiran sunaye. 'Yarta ta ce jiya ta kira nawa sau biyu. Na ce ina fama da ciwon kai, zan zo.

Talata, 17 ga Oktoba, bayan sallar asuba

Zan rubuta wannan sau ɗaya, ba zan sake karanta shi ba. Yau a sujada na roƙa wa Inna lafiya kamar kullum, sai na ji zuciyata ta ƙara da nata a ƙasa-ƙasa: amma bayan talatin ga wata. Na yi sallama. Ni ce nan, Ramla, nake so bakin tsohuwa ya ƙara sati biyu a ɗaure don in sa atamfa mai ruwan ganye. Astagfirullah. Na tsani kaina yau, tsana mai tsanani.

Kuma duk da haka ina son tafiyar. Wallahi ina so. Kuma na san na fi kowa iya faɗin abin da ya kamata a faɗa a can. In injin ya samu, ba ni kaɗai zan amfana ba, mu arba'in da biyu ne da 'ya'yanmu. Wannan ma gaskiya ne. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, duk hujjojina na gaskiya ne, guda ɗaya ce kawai ƙarya, kuma a kanta sauran ke zaune.

Laraba, 18 ga Oktoba, da yamma

Na ƙona duro guda. Ni da ke yi wa mutane wa'azin a kula da wuta. Ina tsaye a gabansa, ina can Abuja, har ƙauri ya cika fili. Ba wadda ta yi magana, don wa zai yi wa shugaba faɗa? Gwaggo Baturiya ce ta zo ta janye itacen, ta yayyafa ruwa, ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Kina ɗauke da kaya, 'yar nan. Ki samu inda za ki sauke."

Ban ci abincin rana ba.

Alhamis, 19 ga Oktoba, da la'asar

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kowa ya ce "ƙwarya" sai gabana ya faɗi, ko da mai nono ce ke tallarta.

Asabar, 21 ga Oktoba, bayan azahar

Na je gidan Gwaggo. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki. Na gaishe ta, na tambayi jikoki, na tambayi akuyarta mai ciki, na tambayi har ƙafarta da ta warke tun bara. Ta bar ni na gama kewaye-kewayena, sannan ta turo min faifan gyaɗar ta ce, "Sa hannu, magana ta fi fita in hannu yana aiki."

Na faɗa mata. Ban ɗaga kai ba har na kai ƙarshe.

Ta ce, "Ai ina wurin, Ramla. Ni na karɓi ƙwaryar daga hannunki na juye shinkafar a tabarma. Kin manta?"

Na manta. Wallahi na manta. Na ce, "Gwaggo, kin sani duk wata huɗun nan? Kujerarki ce fa. Me ya hana ki magana?"

Ta ce, "Sati na farko haushi ya hana ni, na ce bari in ga gudun ruwanki. Daga baya na ga shinkafarmu ta yi fari, sai na ce to, ko ta wace ƙofa alheri ya shigo ai ya shigo. Amma kullum ina jira ki zo da ƙafarki. Na ce in yarinyar nan ta iya faɗa kafin bakin Yaya Saude ya buɗe, to mun yi shugabar gobe. In kuwa ta jira aka tona, mun yi mai wayo ce kawai, su kuma ƙasar nan cike take da su."

Na yi kuka har da majina. Ta ce in daina ɗiga mata a gyaɗa. Sannan ta ce, "Ni ba zan faɗa wa kowa ba. In kin so ki tafi Abujarki, bakina alaikum. Amma ba ni kaɗai kika yi wa shiru ba."

Lahadi, 22 ga Oktoba, da safe

Ta bar min ƙofa a buɗe. Da ta rufe da ya fi min sauƙi.

Na faɗa wa Baban Husna. Ya daɗe yana goge wani ƙarfe da ba ya buƙatar guga. Can ya ce, "To yanzu me za ki yi?" Bai ce ranki ya daɗe ba.

Talata, 24 ga Oktoba, bayan la'asar

Na tara su a filin gumi bayan an sauke duron ƙarshe. Jawabin da na yi sati uku ina shiryawa na minti goma ne, wannan kuwa bai kai minti biyu ba. Na ce Inna ba ta naɗa ni komai ba, ƙwaryar shinkafa ta miƙo min. Na ce na sani tun ranar, na yi shiru don abin ya yi min daɗi. Na ce a takardar Abuja ma na rubuta Shugaba, ko riƙon ban sa ba. Na ce su yafe min.

Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "Au, wai ƙwaryar ƙwarya?" Wasu suka fashe da dariya, wasu ba su yi ba. Khadija ta tashi idonta jajir ta ce, "Ni na fara faɗa, kika bar ni ina yawo da ita gida-gida. Har da surukata na yi faɗa a kanki, Ramla." Ta ja mayafinta ta fita. Wannan ya fi min komai ciwo.

Aka yi ta cece-kuce. Wasu suka ce ai ta yi aiki, a bar ta. Wasu suka ce wadda ta iya riƙe shiru wata huɗu, me kuma take riƙe da shi? Ban ga laifinsu ba. Da aka ɗaga hannu, ashirin da shida suka ce a mayar wa Gwaggo haƙƙinta har Inna ta tashi. Ni na ƙirga hannuwan, ni na rubuta, don na koma magatakarda.

Na kira Malam Isa. Ya ce, "Malama Ramla, wa ya aike ki? Ai da kin bari an dawo." Amma ya yarda zai canza sunan. Kujerar dai ɗaya ce.

Laraba, 25 ga Oktoba, da hantsi

Khadija ba ta amsa gaisuwata ba.

Juma'a, 27 ga Oktoba, da yamma

Kwana uku ina karanta wa Gwaggo jawabina tana bi, tunda ba ta karatun boko. Ta zubar da rabinsa. Ta ce, "Wannan 'tattalin arzikin ƙasa' ɗin ki riƙe kayanki, harshena ba zai ɗauka ba. Zan gaya musu tsakuwa na karya wa mutane haƙori, a ba mu inji." Na yi dariya, karo na farko a satin nan. Tsoron da take ji shi ne na matattakalar nan mai tafiya da kanta, wai jikanta ya nuna mata a waya.

Tururin yau da safe ya yi kauri. Na tsaya a cikinsa ina jiran tirelolin nan su zo, kuma sun zo, farare kamar da. Sai dai ban ga kaina a gaban motar ba, na duba sosai.

Lahadi, 29 ga Oktoba, da safe

Ta tafi. Mun raka ta tasha mu kusan ashirin. Khadija ta tsaya nesa da ni, amma ta zo.

Litinin, 30 ga Oktoba, bayan la'asar

Yanzu haka ana can ana taron. Ni kuwa na ɗauki kunu na tafi inda na yi sati uku ina gudu.

Inna tana zaune da kanta, ba matashi a bayanta. Magana tana fita, a hankali, kamar mai taka dutse a rafi. Ta ce, "Ramla. Kin... guje ni." Na durƙusa na ce, "Na guje ki, Inna." Na kwashe komai na gaya mata, tun daga faɗuwarta har ɗaga hannun ranar Talata. Har abin da zuciyata ta faɗa a sujada ban rage ba. Na gama na sunkuyar da kai ina jiran hukunci.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Wace... ƙwarya?"

Na ce, "Ta ranar da kika faɗi, Inna. Mai samfurin shinkafa."

Ta girgiza kai. Ta ce abin da ta sani na ƙarshe shi ne tana neman takalminta za ta fito daga gida, daga nan sai farin silin asibiti. 'Yarta ta ce haka ne, sun yi ta tambayarta, ranar gaba ɗaya ta goge, kuma likita ya ce da wuya ta dawo.

Na zauna daɓas a ƙasa. Ba wanda zai taɓa tona ni. Gwaggo ta yi alkawarin shiru, Inna ba ta da abin faɗa. Da yanzu ina can.

Inna ta ce, "Wa... ya tafi?" Na ce Gwaggo Baturiya. Ta ce, "Baturiya? Abuja?" Sai ta kama dariya da rabin bakinta, har hawaye na bin kuncinta, ni ma na kama, ban san ko dariya nake ko kuka ba. Da ta lafa ta miƙo hannunta mai lafiya ta damƙe wuyan hannuna, da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. Ba ta sake ni ba har kunun ya huce.

Daga ƙofar gidanta zuwa bakin titi na yi nadama, nadama ta gaske, ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba. Daga bakin titi zuwa gida kuwa na lura ina gaida mutane ina kallon idonsu, abin da rabona da shi tun watan Yuni.

Gobe ni ce da hura wutar duron farko.